Sun farfaɗo min da kamfani, amma sun bar ni da haushi

Kamfanina na sayen motocin gwanjo a Atlanta, ina turawa gida ta tashar jiragen ruwa ta Savannah, ya shekara huɗu da wani abu a rushe a littafin Sakataren Jihar Jojiya ta Amurka, saboda ba a sabunta rajistar shekara-shekara da ake yi tsakanin 1 ga Janairu da 1 ga Afrilu ba. Takardun gargaɗin suna ta zuwa tsohon adireshin da na bari. Banki ne ya fara sanar da ni, ranar da na je neman rance.

Na ba wani kamfanin dillalan rajista aikin, irin waɗanda ke talla a intanet. Ma'aikacin farko bai ko buɗe fayil ɗina ba ya yanke hukunci cewa lokaci ya ƙure, in yi sabuwar rajista kawai, har ya turo min farashi. Da na bi shawararsa, da na rasa lambar harajin kamfanin da tsohon asusun banki da duk tarihin da masu gwanjo suka san ni da shi. Wata ma'aikaciya ce ta ceci lamarin. Ta duba ranar rushewar, ta bayyana min cewa dokar Jojiya ta ba da shekara biyar a nemi maidowa, cewa an ajiye sunan kamfanin a tsawon wannan wa'adi, kuma idan aka amince, doka za ta ɗauka tamkar ba a taɓa rushe shi ba, wanda ya kwantar min da hankali kan cinikin da na yi a tsakani. Ta tilasta min in fara tabbatar da cewa babu bashin haraji kafin in sa hannu, aka biya dala 250 na gwamnati, takarda ta fito. A ranar, da za a ba da tauraro goma, da na ba su.

Sai dai bayan wata guda na ga an zare kuɗi daga katina, wai kuɗin zamansu wakilin kamfanina mai karɓar takardu, hidimar da ban nema ba, aka cusa ta cikin ƙananan rubutun yarjejeniya. Na kira, aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan, kuma har yanzu rabin kuɗin kawai suka maido. Abin ya tuna min da wancan ma'aikaci na farko, wanda a ganina ba rashin sani ya sa shi faɗin haka ba, sabuwar rajista ce ta fi kawo musu riba. Tauraro biyu nake ba su, duka biyun kuma na baiwar Allah nan ne.