Teburin littattafan gwanjo a Agege, inda na samu Forsyth

Duk mai son karatu da ke zaune a Agege ko Ogba, ina ba shi shawara ya leƙa teburin wani dattijo Bazazzagi da ke kasa littattafai kusa da layin dogo, ta wajen Pen Cinema. A sama littattafan addini ne da na soyayya da ake kawowa daga Kano. Littattafan Turanci na gwanjo kuwa suna cikin kwalaye a ƙarƙashin teburin, sai ka tambaya yake jawo su.

The Day of the Jackal na Frederick Forsyth na je nema. Baba ya zaro shi, ya kakkaɓe ƙura da gefen rigarsa, sannan ya ɗora wani siririn littafi a kai, The Biafra Story. Ya ce, "Ɗana, in kana son sanin mutumin nan, haɗa da wannan. Ɗan jarida ne tun kafin ya fara ƙaga labari." Wannan ne ya sa nake yaba wurin: mai kayan ya karanta abin da yake sayarwa.

Gaskiya Baba ya faɗa. Forsyth ya yi tuƙin jirgin yaƙi a sojan saman Ingila, ya shiga kamfanin dillancin labarai na Reuters a 1961, yana Faransa lokacin da 'yan ƙungiyar OAS, masu adawa da bai wa Aljeriya 'yancin kai, ke farautar ran Shugaba de Gaulle. Abin da ya gani da idonsa a can shi ya zama Jackal a 1971, shi ya sa yadda makashin da aka yi haya ya kashe de Gaulle a labarin ke samun fasfo na bogi da bindiga yake kama da rahoto. A 1967 BBC ta turo shi yankin Biyafara, suka saɓa kan yadda ake ba da labarin yaƙin, ya ajiye aikin ya koma da kansa. Ya zama aminin Ojukwu, jagoran Biyafara, har ya rubuta tarihinsa a 1982.

Littafin Biyafaran, na 1969, ya yi mini nauyi a matsayina na ɗan Arewa. Ɓangare ɗaya ya tsaya, bai kuma ɓoye ba, kuma yadda ya kwatanta mutanenmu bai yi mana adalci ba. Amma yunwar da ta kashe yara a yaƙin ba ƙage ba ce, kuma ina ganin ya kamata matasanmu da ke zaune da Inyamurai a kasuwannin Legas su san yadda wancan ɓangaren ke tuna abin. Sai dai mai karatu ya riƙe a ransa cewa a 2015 Forsyth da kansa ya bayyana ya yi wa hukumar leƙen asirin Ingila, MI6, aiki shekara da shekaru. Ya rasu a Yunin 2025 yana da shekara 86.

Kuɗin littattafan da sauƙi, ana kuma yin ciniki. Inda teburin ya gaza shi ne ajiya: leda kawai ake rufawa da damina, wasu shafukan sun sha ruwa sun manne, akwai kuma bugun jabu da rubutunsu ya dishe. Ka buɗa tsakiya da ƙarshe kafin ka biya, Baba ba ya hanawa. Ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci yake kasa kaya.