Littafin girki mai awo da giram: ya yi rana a alkaki, ya gaza a kanwa

Littafin girkin da ƙanwata ta aiko mini daga Yamai ya kwana biyu a hannuna, na kuma girka abubuwa da dama daga cikinsa. Da Faransanci aka rubuta shi, kowane girki da awonsa: giram kaza, lita kaza, minti kaza. Takardarsa mai kauri ce, hotunan ma ba laifi.

Inda ya biya ni shi ne alkaki. Mu a Damagaram ba a yi mana wasa da alkakin gara, kuma duk mai yi ta san asarar da ake tafkawa idan mai ya yi yawa a kwaɓi: yana shiga kasko sai ya watse. Littafin ya ƙayyade man da za a murza wa kowane kilo 1 na ɓarzajjiyar alkama, da sukarin da za a dafa a tsoma shi ciki. Na bi awon, ya fito daidai, da na ninka don bikin ƴar maƙwabciyata ma bai canza ba. Amaryar da ba ta zauna gindin murhu da uwarta ba za ta ji daɗin wannan, don "zuba daidai misali" ba ya koya wa kowa komai.

Amma sai an sayi sikeli. A kasuwar Dole da tiya ake auna mana gero, tiya ɗaya kuwa kusan kilo 2 da rabi ce. Layi guda da zai mayar da giram zuwa tiya ko gwangwanin madara ya isa, ba su sa ba.

Babbar matsalata da shi ita ce agogo. Ya ce a bar ƙullun masa ya kwana awa kaza, ko'ina, ko yaushe. A watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40 a garin nan, ƙullu kan tashi har ya yi tsami tun dare bai raba ba. Da hunturu kuwa sai gari ya waye yana kwance abinsa. Abin da ya kamata a rubuta shi ne alama: kumfa a sama, ƙamshin tsami, yadda yake zuba daga ludayi. Haka tuwo. Sabon gero na kaka da wanda ya shekara a rumbu ba sa shan ruwa iri ɗaya, muciya ce ke faɗa maki ko za ki ƙara gari bayan talge ya nuna.

Sai kanwa. "Rabin ƙaramin cokali," in ji littafin, bai faɗi wace iri ba. Ungurnu daban, jar kanwa daban, ko a iri ɗaya ma wani dunƙulen ya fi wani kaifi. Wadda ta bi cokalin ido rufe a miyar kuɓewa za ta iya samun yauƙi, amma da ɗaci a maƙogwaro. Iyayenmu jiƙa ta suke yi, su ɗiga ruwan kaɗan kaɗan suna ɗanɗanawa. Daddawa ma ya rage ta ƙwarai, ina jin don masu cin abincin otal aka yi hakan.

Mai toye-toyen biki ko na sayarwa ta saya, kuɗinta ba zai tafi a banza ba. Babin miya da tuwo kuwa, a karanta jerin kayan haɗi kawai, a tambayi wata babba a gida sauran.