Akwatin bokis mai guda 94 da na saya a Sabon Gari, bayan wata takwas ina aiki da shi

Ni dai a hannun mai gyaran motocin Jafan na koyi aiki, shekara bakwai ina ƙarƙashin Oga a wani gareji wajen Ɗan Magaji, kuma duk tsawon lokacin nan in ka zazzage buhun kayan aikinmu lambobin girman kan noti guda shida ne kawai suka suɗe don aiki, 8, 10, 12, 14, 17 da 19, sai 21 na taya. Da su za ka kusa sauke injin Corolla gaba ɗaya ka mayar. Shi ya sa da na buɗe nawa wajen na je Sabon Gari sayen kaya, mai shagon ya ɗauko min wani akwatin bokis, wato kawunan kwance noti da ake ɗorawa a kan hannu, mai guda 94 ya buɗe a kan kanta, abin da na fara ce mishi shi ne Alhaji rabin wannan ai ado ne, me zan yi da 9 da 11 da 15 da 16 da 18? Sai ya yi dariya yace min Malam kai Toyota da Honda kaɗai ka yi alkawari da su za su riƙa lalacewa a Zariya? Ka je ka tsaya a Kwangila minti goma ka ƙirga Golf da Sharon da Fijo da ke wucewa sannan ka dawo mu yi magana.

Na saya, na haɗa da sifana na ɗauri guda 12 masu ring a gefe ɗaya buɗaɗɗen baki a ɗaya gefen. Ba zan sa farashi ba don kaya kullum hawa suke, abin da na biya wata takwas baya ba shi za a ce maka yau ba.

Toh ga abin da ke ciki. Ɓangaren ƙananan, masu hawa kan racet, wato hannun murɗa bokis, na kwatan inci, sun tashi daga 4 har 14, har da 4.5 da 5.5. Ɓangaren manya masu hawa hannun rabin inci sun tashi daga 10 har 24 babu tsallake ko ɗaya, sai 27, 30 da 32. Akwai bokis ɗin fulogi biyu, 16 da 21, da dogaye 'yan kaɗan, da ƙarin hannu gajere da dogo. Sauran adadin da ya cike 94 ɗin nan ƙananan kawunan sukundireba ne da alanki, wato kar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka, bokis na gaske ba su kai rabi ba.

Maganar Alhajin nan kuwa ba a yi sati uku ba ta tabbata. Wani direban Golf 3 mai jigilar Zariya zuwa Kaduna ya kawo min mota birki na tafiya ƙasa, muka canza takalmin baya, aka zo sakin iska. Ɗan notin da ake sakin iska da shi a bayan dirom ɗin 7 ne, bututun man birkin kuma notinsa 11. Na san wannan notin sakin iskar sarai saboda a garejin Oga na taɓa ganin abin da ya faru da irinsa, yaro ya ɗora mishi 8 tunda shi muke da shi, ya murɗa sau biyu kan ya zama kamar kan ƙusa, aka kawo filaya aka matse, ƙarshe ya karye a ciki, sai da aka sayo silinda sabuwa kuma motar mutum ta kwana. Wannan karon na ɗauko 7 daga akwati, ya zauna cif kamar don shi aka ƙera, na ɗan zuba mai na bar shi ya jiƙa, na ba shi ɗan bugu da tafin hannu ya saki. Aikin minti biyar. Wallahi tun ranar nake kallon layin nan na 7, 9, 11 da wani ido daban.

Abin da ya kamata duk mai shirin sayen kaya ya gane shi ne lambar da ake cewa ba a amfani da ita ya danganta ne da ƙasar da aka ƙera motar. Noti mai kaurin jiki mili 8, Jafanawa kan 12 suke mishi, Turawa kuma 13. Mai kaurin mili 10 Jafan ta ce 14, tsohon tsarin Jamus 17, sabon tsarin da duniya ta koma kai 16, motocin Amurka kuma sau da yawa 15 za ka tarar. Mai kaurin mili 12 a Jafan 17 ne, tsohon Jamus 19, sabon tsari 18. Kun ga inda 16 da 18 suka fito kenan, sauya tsari aka yi aka rage kan notin, shi ya sa tsohon makaniken da ya saba da Bitil da Marsandi na da can zai ce maka shi bai san 18 ba, amma yanzu ka shiga ƙarƙashin Sharon ko Ford ko Golf na baya-bayan nan ka taɓa ƙafa da shakazoba, 16 da 18 ne za su tare ka. Ita Sharon ɗin ma da Ford Galaxy na farko a masana'anta ɗaya aka yi su a Fotugal tun 1995, kusan mota ɗaya ce da suna biyu. Akasin haka kuma Pontiac Vibe da ta cika gari, sunan Amurka ne a goshi amma cikinta Toyota Matrix ce, 10, 12, 14 ɗinka sun ishe ka.

Sai Fijo, wadda mu nan ba baƙuwa ba ce tunda a Kakuri ta Kaduna aka fara haɗa ta tun 1975. Faransawa suna da wani noti mai kaurin mili 7 wanda kusan su kaɗai ke son shi, kansa kuma 11 ne. Duk wanda ya yi aiki a 504 ya san 11 da 13 ba sa hutawa. Wani dattijo mai gyaran Fijo da ke kusa da ni, Baba muke ce mishi, da ya ga akwatin sai ya ɗaga 12 ɗina yace yaro wannan ai a wajena shi ne ɗan zaman banza, ni 11 nake saye bibbiyu.

Na 18 shi ne ya fi ba ni labari. Sharon ce aka kawo ana jin ƙara a ƙafar gaba, notin ya yi tsatsa ya kama sosai saboda irin motocin nan 'yan Beljiyam sun sha gishirin titi a can kafin su zo. A irin wannan ne mutane ke ɓarna, 17 ba ya shiga, 19 ya shiga amma yana rawa, mili ɗaya ne kacal tsakani amma da ka sa ƙarfi ƙarfen bokis ɗin ba ya kama faɗin gefen notin, kusurwoyin kawai yake ci, sau biyu uku sun lanƙwashe shikenan kan ya zama kamar ƙwallo. Wasu kuma su kawo guduma su dake 17 ya shiga dole, ko notin ya lalace ko bokis ya tsage. Daga nan sai kiran mai walda ya liƙa wani noti a kai, zafin wutar kuma ya ƙona robar da ke kusa, aikin awa ɗaya ya koma na wuni kuma mai mota ne ke biya alhali ba laifinsa ba ne, wannan abin yana damuna ƙwarai don amana ce mutum ya ba ka. Da 18 na akwatin nan da dogon hannu notin ya yi ƙara ƙau ya saki, kansa lafiya lau, shi na mayar.

Amma a nan ne ɗaurin sifanan ya ba ni kunya. Lambobinsa 6 zuwa 14 a jere, daga nan sai tsalle zuwa 17, 19, 22. Babu 15, babu 16, babu 18. Shi kuwa irin wannan noti mai ratsawa sai ka riƙe kai ɗaya da sifana kana kwance ɗayan da bokis, in ba haka ba juyawa kawai zai riƙa yi. Dole na tura yaro wajen Baba aro. Washegari na koma shagon nace Alhaji ka sayar min da riga ba wando, sai yace ai haka ɗaurin ke zuwa daga kamfani, ya buɗe wani kwali na ɗaiɗai ya zaɓo min 15, 16 da 18 ya rage min kuɗi a kai. Wannan na yaba mishi, yana sayar da ɗaiɗai kuma ya san kayan da yake sayarwa, ba irin masu cewa ɗauki 19 ai duk ɗaya ne ba.

Lamba 9 na ɗauka ita kam har abada ba za ta fita daga gurbinta ba, sai ga ƙanina da mashin ɗinsa roba-roba yana ƙarar tafet, ashe ɗan notin da ke kulle saitin tafet a irin waɗannan ƙananan injinan 9 ne. 5.5 kuma mai rewaya na layinmu ya zo ya ara sau biyu don ƙananan sukurori a motar Amurka. 24 yana fita duk lokacin da za a juye man giya ko na aksul a Hilux da Hiace. 22 ma yana aiki, amma na'urar nan da ke jikin salansa mai auna hayaƙi, duk da kanta 22 ne, bokis na akwatin ba ya shiga saboda wayar da ke jikinta, sai da sifana ko bokis mai tsaga a gefe.

Waɗanda suka zauna da gaske su ne 20 da 23. Wata takwas ban ɗora su a kan noti ko sau ɗaya ba, 4 da 4.5 ma haka. Amfanin da nake da 20 da 23 shi ne in zan zaunar da ƙaramin sil ko boris sai in kifa su a kai in ɗan bubbuga ya shiga daidai, shi ma da hankali don bakinsu kar ya buɗe. Da kamfanin zai ji shawarata da ya cire su ya sa 10 guda biyu, don 10 shi ne kullum ke faɗawa cikin inji ko ya bi aljihun yara, nawa na ƙananan ya ɓata tun wata na biyu.

Wani amfani da ban yi tsammani ba shi ne wajen kayan inci. Tsofaffin injinan ban ruwa da na niƙa da wasu taraktoci har yanzu notinsu na inci ne, kuma wasu lambobin suna faɗawa kusa sosai, 19 kusan daidai yake da uku bisa huɗu na inci, 16 da biyar bisa takwas, 8 da biyar bisa sha shida, 11 kuma yana kusa da bakwai bisa sha shida. Amma 13 a kan rabin inci yana da ɗan sako-sako tunda rabin inci mili 12.7 ne, in notin ya kama kar ka matsa mishi.

Ƙarfen bokis ɗin kansa ba ni da ƙorafi. An rubuta Cr-V a jiki, kuma ko ma mene ne har yau babu wanda ya tsage ko bakinsa ya buɗe, ga shi duk masu kusurwa shida ne, waɗanda suka fi kama tsohon noti. Sai dai wannan ɗin ma yana da inda ya gaza, notin shaf na Corolla 30 ne mai kusurwa goma sha biyu, 30 na akwatin mai shida ba ya hawa, sai da na ba da saƙo aka sayo min a Ƙofar Ruwa a Kano. Na Honda da ke zuwa da 32 akwai shi, amma masu 36 babu. Haka irin notin nan mai kan tauraro da ke cike a injin Vectra, babu bokis ɗinsa ko ɗaya a ciki.

Lambobin da ke jiki kuma zanen wuta ne marar zurfi, ba a buga su cikin ƙarfe ba, baƙin mai da ƙasa sun fara shafe na 12 da 14 da 17, da yamma in haske ya ragu sai ka kai ido kusa. Na sa fenti ja a gindin 16 da 18 don yara su daina haɗa su da 17 da 19. Babban racet ɗin ya fara zamewa a wata na biyar, gaskiya akwai laifinmu don na kama yaro ya zura mishi bututu yana kwance notin taya, haƙoransa ƙanana ne ba a yi su don wannan ba, amma ko kafin nan maɓallin juya shi yana da tauri. Ƙaramin na kwata lafiyarsa ƙalau, shi na fi ɗauka ma. Akwatin roba ne, maƙallansa guda biyu ɗaya ya karye, yanzu da igiyar tsohon tub nake ɗaure shi, sai dai gurbin kowane bokis yana nan da lambarsa kuma wannan ya taimake ni sosai, kafin a tashi da magariba ina buɗewa in duba, gurbin da na gani wayam na san abin da za a nema kafin kowa ya tafi.

In motarka ɗaya ce kuma ta Jafan, kana son abin ajiyewa a but don ɗan canza batir ko juye, kar ka kashe kuɗi a wannan, sayi 8, 10, 12, 14, 17, 19 masu kyau da abin kwance tayarka, 21 in Toyota ce 19 in Honda ce. Amma in gareji gare ka a garin nan inda da safe Civic ce da rana 406 da yamma Sharon, akwatin ya cancanci kuɗinsa, sai dai ka buɗe shi a gaban mai shago ka bi lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya daga 10 zuwa 19, ɗaurin sifana ma haka, in ka ga an tsallake 15, 16 ko 18 ka sa ya cike maka tun a wajen, ka ƙara da dogon hannu mai ƙarfi na kwance noti mai tauri don racet ɗin ya huta, da 10 guda ɗaya na ajiya.