Gargaɗi ga masu injina: ana sayar da jabun boris da sunan ragowar kayan kamfani

Ina rubuta wannan ne domin 'yan'uwa masu injinan matsar man gyaɗa da masu famfunan tsaye da kanikawan da ke kula da su, bayan abin da ya same mu a wurin aikinmu a Kano. Akwai wani mutum da ke tallata boris (ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke sauƙaƙa juyawar inji) ta WhatsApp, yana cewa ragowar kayan wata masaƙa ce da ta rufe, don haka yake karya farashi zuwa kusan rabin abin da dillalan kamfani suke sayarwa. Kwalayen suna ɗauke da sunayen manyan masu ƙera boris, SKF da FAG da NSK, an naɗe kowane boris a leda mai maiƙo, kuma da ido kaɗai ba za ka zarge shi ba.

Irin da muka saya shi ne boris mai faifai, wato wanda ke tare turin da shaf (sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji) ke yi a tsawonsa: faifan ƙarfe biyu, da ƙwallaye a cikin keji a tsakaninsu. Lambarsa 51310, raminsa milimita 50, faɗinsa 95, kaurinsa 31. A injin matsar mai, duk ƙarfin da dunƙulen gyaɗa ke mayarwa baya a kansa yake sauka, shi ya sa ba wurin da za a yi arha da shi ba ne. Da muka ɗaura shi, bai cika mako biyu ba gidan boris ya fara zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, sannan aka soma jin gurnani. Da muka kwance, giris ɗin ya koma baƙi yana ƙyalli da garin ƙarfe, hanyar da ƙwallayen ke bi ta ɓarɓashe, kejin kuma ya lanƙwashe. Na ɗauki magagari na goga a gefen faifan, sai ya ci shi kamar ƙusa. Ƙarfen boris na gaskiya, wanda ake kira 52100 ko 100Cr6, ana gasa shi har taurinsa ya haura 58 a ma'aunin Rockwell, kuma magagari zamewa yake yi a kansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da mai sayarwar ya ba ni da na kai masa ƙorafi. Cewa ya yi, «Alhaji, yaranka ne suka ɗaura shi ba daidai ba.» Na fahimci cewa wannan magana ita ce garkuwarsa, domin ya san ana yawan kuskure wajen ɗaura irin wannan boris, kuma mai injin da bai tsaya a kan aikin ba, ba shi da bakin musu. Saboda haka duk wanda zai saka, ya tsaya da kansa. Faifan nan biyu ba ɗaya ba ne ko da sun yi kama. Mai ƙaramin rami shi ke kama shaf ya juya tare da shi, mai ɗan faɗin rami kuwa, wanda a 51310 ya kai milimita 52, shi ke zama a cikin gida ba ya motsi. Idan aka juya su, shaf zai riƙa cin faifan da bai kamata ya taɓa ba. Kafaɗar da faifan zai jingina da ita ta zama a miƙe sosai, ba tsatsa ba tudu, domin karkata kaɗan tana ɗora nauyin duka a kan ƙwallaye biyu ko uku. Kada a buga da guduma kai tsaye, kuma kada a gasa shi da wutar walda don ya shiga. A tuna kuma cewa wannan boris ba ya ɗaukar nauyin gefe ko kaɗan, dole a samu wani boris ɗin da ke riƙe shaf a tsakiya. Mu duk mun kiyaye waɗannan, ina tsaye aka yi aikin, shi ya sa na san laifin ba na yarana ba ne.

Yana da wata dabarar kuma. Idan ka nemi 51310 ba shi da shi, sai ya miƙo 51210 ya ce duk hamsin ne. Ramin ɗaya ne, gaskiya, amma 51210 faɗinsa 78 ne, kaurinsa 22, ƙwallayensa ƙanana, nauyin da yake ɗauka bai kai na wancan ba. Wani maƙwabcinmu kuma tsohon boris aka wanke masa da kananzir aka goge aka saka a sabon kwali. Da ya duba a hasken rana sai ga layin da ƙwallaye suka riga suka bari a kan faifan.

Kafin ku biya, ku auna rami da faɗi da kauri da baniya, wato ma'aunin milimita na kanikawa, ku gwada da littafin kamfanin. Kada kyawun kwali ya ruɗe ku, masu jabu sun ƙware a buga shi. SKF tana da manhajar waya mai suna SKF Authenticate, inda za ka tura hotunan boris da kwalinsa su duba su ba ka amsa, ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya ma tana da tata mai suna WBA Check. Ku nemi rasit mai sunan shago da lambar boris a rubuce, domin mutumin nan ba ya bayarwa, kuma asusun da yake karɓar kuɗi da shi ba sunansa ne a kai ba. Na adana faifan da ya lalace da kwalinsa da hotunan hirarmu zan kai ofishin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, kuma ina roƙon duk wanda ya saya a hannunsa ya kwance injinsa ya duba tun kafin shaf ɗin ma ya tafi.