Ƙwallayen dutse na Mars da na Yuta: ruwa ne ya gina su, amma ba ruwa iri ɗaya ba

Ɗan'uwa, ka jera hotuna biyu, ɗaya na ƙananan duwatsu mulmulallu da motar bincike ta Opportunity ta ɗauko a duniyar Mars, ɗayan na wasu masu kama da su da ke warwatse a hamadar jihar Yuta ta Amurka. Ka tambaya ko abu ɗaya ne, kuma in haka ne, ko ya tabbata an taɓa yin ruwa a Mars. A ganina duka biyun ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya gina su a cikin dutse. Sai dai kama da wane ba wane ba ne, kuma kamannin da ya ja hankalinka shi ne mafi raunin hujjojin da ake da su.

Na Yuta sun fi sauƙin bayani tunda ana iya ɗauka a fasa. Suna fitowa ne daga wani dutsen yashi da ake kira Navajo, wanda asalinsa tuddan rairayi ne na wata babbar hamada, shekara miliyan 180 zuwa 190 da suka wuce. Kowace ƙwayar yashi tana da siririn rufi na tsatsar ƙarfe, shi ya sa dutsen yake ja. Bayanin da Marjorie Chan ta Jami'ar Yuta da abokan aikinta suka wallafa a 2004 shi ne, ruwa marar iskar oksijin ya ratsa ta cikin dutsen ya wanke tsatsar, har dutsen ya koma fari a wurare da dama. Da ruwan nan mai ɗauke da ƙarfe ya gamu da wani mai oksijin, sai ƙarfen ya sake daskarewa. Bai daskare ko'ina ba, ya riƙa taruwa ne a wasu ɗigo-ɗigo, kuma tunda yana zuwa daga kowace kusurwa daidai wa daida, abin ya fito a mulmule. In ka fasa babba a cikinsu za ka ga ɓawo mai tauri baƙi-baƙi, ciki kuwa yashi. Akwai 'yan mitsi-mitsi, akwai masu faɗin santimita da yawa. Wanda ya san tsakuwar marmara a ƙasarmu ya san danginsu, don ita ma ƙarfe ne da ruwa ya kwaso ya tara a cikin ƙasa.

Na Mars kuwa tun kafin a gan su aka hango alamarsu. Kumbon Mars Global Surveyor, daga sama, ya gano ma'adinin hematayit mai launin toka a wani fili da ake kira Meridiani. Hematayit haɗin ƙarfe ne da oksijin, kuma a duniyarmu irin wannan mai launin toka yawanci inda ruwa ya yi aiki ake samunsa. Dalilin da ya sa hukumar NASA ta tura Opportunity can ke nan. Ta sauka a Janairun 2004, ta gangara cikin wani ɗan rami mai faɗin mita 22 da aka sa wa suna Eagle, sai ga ƙwallayen birjik, a ƙasa da kuma maƙale a jikin dutse. Yawancinsu milimita 4 zuwa 6 ne, da motar ta nausa kudu ma sai suka ƙara ƙanƙancewa. Sun yi wa na'urar auna ma'adini ƙanƙanta, ba ta iya auna ɗaya ita kaɗai, don haka a Maris na shekarar aka sami wani ɗan kwarmi a kan dutse da suka taru a ciki, aka auna shi, aka auna gefensa inda babu su. Bambancin ya nuna hematayit ɗin da aka hango daga sama a cikinsu yake.

Inda suka fi haɗuwa da na Yuta shi ne yadda suka tsira. A wuraren biyu dutsen da ya haife su ya fi su laushi, iska ta cinye shi a hankali ta bar ƙwallayen shimfiɗe a fili.

To amma mulmulallen dutse ba ruwa kaɗai ke yinsa ba, kuma a nan ne nake so ka tsaya. Aman wuta yana yi: toka na dunƙulewa a sama ta faɗo ƙwallo-ƙwallo. Faɗowar dutsen sama ma tana yi, narkakken dutse ya fantsama ya huce kafin ya sauko. Ba zancen banza ba ne, masana na gaske sun kare shi. A 2005 Paul Knauth da Donald Burt da Kenneth Wohletz sun ce guguwar tarkacen da faɗowar dutsen sama ke tasowa ce ta shimfiɗa duwatsun Meridiani, a shekarar kuma Thomas McCollom da Brian Hynek suka ce tokar aman wuta ce da tururi mai asid ya dafa.

Abin da ya sa na fi gamsuwa da tawagar Steve Squyres, jagoran binciken Opportunity, wadda ta ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya gina su a cikin dutse, shi ne yadda ƙwallayen suke zaune a cikin dutsen. Duk abin da ya zubo daga sama a lokaci guda layi ɗaya yake kwantawa, a same shi cunkushe a hawa ɗaya, hawan da ke sama da na ƙasa babu. Na Meridiani ba haka suke ba. A barbaje suke daga sama har ƙasa, da tazara tsakaninsu kamar kowace ta janye ƙarfen da ke kewaye da ita ta hana wata tsirowa kusa. Ba su lanƙwasa siraran layukan dutsen ba, alhali abin da ya faɗo kan yashi mai laushi dole ya danna shi. An ga biyu a manne, har da uku a jere, abin da ke faruwa idan maƙwabta suka girma har suka haɗe. Wasu ma akwai zobe a jikinsu daidai inda layin dutsen ya ratsa. Duk wannan yana cewa dutsen ya riga su, a cikinsa suka girma. A gefensu kuma ga ƙananan ramuka masu siffar lu'ulu'un gishiri, alamar wani ma'adini ya tsiro sannan ruwa ya dawo ya narkar da shi.

Yanzu ga inda suka rabu. Yashin Yuta, in aka cire rufin tsatsar, farin yashi ne na ma'adinin kwaz, ruwan da ya ratsa shi kuma ba mai tsananin asid ba ne. Dutsen Meridiani ragowar baƙin dutsen aman wuta ne haɗe da gishirin salfet mai yawa, kuma a cikinsa aka sami jarosayit, ma'adinin da ba ya samuwa sai a ruwa mai asid sosai. Wato ruwan Mars ɗin nan gishiri ne da asid, yana tasowa daga ƙasa ya jiƙa rairayi, ya ƙafe, ya sake tasowa. Ana kyautata zaton ƙarfen ƙwallayen daga rushewar jarosayit ko wasu gishirin ƙarfe ya fito, lokacin da wani sabon ruwa ya shigo. Cikinsu ma ya bambanta: da Opportunity ta goge dutse da na'urarta ta gugar dutse ta raba wasu gida biyu, ba a ga ɓawo da cikin yashi irin na Yuta ba, iya ƙarfin kyamararta abu ɗaya ne har ciki. Ga kuma girma. Na Yuta kowane iri akwai, har da masu siffar bututu da faifai, na Meridiani kusan kansu ɗaya. Ga shekaru: na Yuta sun samu ne can baya bayan dutsen ya daɗe da kafuwa, ba su wuce 'yan miliyoyin shekaru zuwa kamar miliyan 25 ba, dutsen Meridiani kuwa ya haura shekara biliyan 3 da rabi.

Ko a Yutan ma, inda ake taka wurin da ƙafa, ba a gama muhawara ba. David Loope na Jami'ar Nebraska yana ganin tun farko dunƙulen wani ma'adini ne da ake kira kabonet ɗin ƙarfe, daga baya oksijin ya mai da gefensa tsatsa. A 2018 Hidekazu Yoshida na Jami'ar Nagoya a Japan da abokansa, bayan nazarin na Yuta da na hamadar Gobi a Mongoliya, suka ce ƙwallon farar ƙasa ne ruwa mai asid ya narkar, ƙarfe ya maye gurbinsa, kuma mai yiwuwa haka aka yi a Mars. In da za ka tambaye ni wurin da ya fi kusa da Meridiani ta fuskar sinadari, ba zan ce Yuta ba, zan nuna maka tafkunan gishiri masu asid na yammacin Ostiraliya, inda Kathleen Benison da Brenda Bowen suka sami ƙananan dunƙulen hematayit tare da jarosayit a cikin laka.

Batun rai, wanda na san shi ne a ƙarƙashin tambayarka, ƙwallayen ba su ce komai a kai ba. Ana iya samunsu babu ko ƙwayar halitta ɗaya. Hasali ma Nicholas Tosca da Andrew Knoll da Scott McLennan sun lissafa a 2008 cewa gishirin ruwan Meridiani ya yi yawan da mafi yawan halittun da muka sani ba za su rayu a ciki ba.

Kada kuma ka ɗauka duk ƙwallon da aka gani a Mars labarinsa ɗaya. A Satumbar 2012 Opportunity ɗin nan dai ta tarar da wasu a bakin ramin Endeavour, a wani dutse da aka kira Kirkwood, masu faɗin kamar milimita 3. A ido sai ka rantse 'yan'uwan na Eagle ne. Da aka auna su, ba su da yawan ƙarfen da na farko suke da shi, ɓawonsu ya fi cikinsu tauri, kuma a cunkushe suke maimakon a barbaje.