Sharhi kan kwas ɗin intanet na katigorin fozi da wadatacciyar katigori

Daga nan Jos na bi wannan kwas, bisa shawarar wani abokin karatuna a fannin lissafi. A ganina ya cancanci kuɗinsa ga wanda ya riga ya san tushen nazarin katigori, wato reshen lissafi da ke nazarin abubuwa da alaƙoƙin da ke tsakaninsu, waɗanda ake kira kibiyoyi, amma sabon shiga zai sha wuya. Darussan na bidiyo ne, haɗe da rubutattun bayanai da zaman tambayoyi ta Zoom a ƙarshen mako.

Malamin bai ɓata lokaci a kan tarihi ba. Ya ambaci Eilenberg da Mac Lane da suka kafa nazarin katigori a 1945, da Lotfi Zadeh wanda a 1965 ya kawo tunanin cewa kasancewar abu cikin rukuni tana iya ɗaukar daraja tsakanin 0 da 1, abin da ake kira lissafin fozi, sai Joseph Goguen da ya faɗaɗa wannan ma'auni a 1967.

Inda kwas ɗin ya yi fice shi ne wajen haɗa fannonin biyu, wato nazarin katigori da lissafin fozi. A katigori ta yau da kullum, tarin kibiyoyi ne ke tsakanin kowane abu biyu. A wadatacciya kuwa, ana maye gurbin tarin da wani abu daga tsarin da ke da hanyar haɗa abu biyu. Idan tsarin lambobin 0 zuwa 1 ne, sai kowane abu biyu su sami lamba guda, darajar abu da kansa ta zama 1, ƙa'idar haɗa kibiyoyi kuma ta koma sharaɗin da masu lissafin fozi suka daɗe da sani, wato darajar da ke tsakanin A da C ba za ta gaza abin da aka samu daga haɗa darajar A da B da ta B da C ba. A allo malamin ya ba A da B darajar 0.8, B da C kuma 0.7, ya tambayi mafi ƙarancin darajar da za ta halatta tsakanin A da C. Idan ƙaramar lamba ake ɗauka, amsar 0.7 ce, idan ninkawa ake yi, 0.56, bisa hanyar Łukasiewicz kuwa, wato a tara a cire 1, sai ta sauka zuwa 0.5. Wannan misali kaɗai ya fi mini dogon bayani amfani.

Daga nan ya shiga aikin William Lawvere na 1973, wanda ya nuna cewa awon nisa shi ma wadatacciyar katigori ce, domin haɗa kibiyoyi a can yana nufin nisa kai tsaye ba ya wuce nisan da aka bi ta wani zango. Da logaritim malamin ya mayar da hanyar ninkawa zuwa tara nisa. Lawvere bai wajabta nisan zuwa da na dawowa su zama ɗaya ba, kuma duk wanda ya haura Hawan Kibo, tudun nan da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga, ya kuma gangaro shi ba zai yi musun hikimar hakan ba.

Rauninsa yana ɓangaren ƙarshe. Akwai wata ma'anar katigorin fozi, inda kibiyoyi suke nan da yawansu amma kowace tana ɗauke da darajarta, kuma malamin ya ce ita ma wadatarwa ce a kan rukunonin fozi, sai dai ya wuce bai kafa hujja ba. Atisayen wannan ɓangare ba su zo da amsoshi ba, bidiyoyin kuma suna cin data sosai, don haka gara a sauke su cikin dare.