Wace irin gamawa za ka nema wa kayan alminiyam ɗinka?

Idan an sassaƙa maka kayan alminiyam da injin CNC, wato injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, kafin a kawo maka su za a tambaye ka yadda kake so a gama bayansu. Ni dai anodayizin nake zaɓa, musamman mai tauri, wanda ake kira Type III.

A anodayizin, ana tsoma kayan cikin asid irin na ruwan batir, a sakar musu wutar lantarki, sai fatar ƙarfen da kanta ta rikiɗe ta zama ɓawo mai tauri. Daga jikin ƙarfen ɓawon ya tsiro, shi ya sa ba ya ɓarewa. Type II, wato anodayizin na yau da kullum, kaurinsa maikiron 5 zuwa 25 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya), yana shan launi sosai. Type III kuwa a ruwa mai tsananin sanyi ake yinsa, yakan kai maikiron 50, duk kayan da ke gugar juna shi ne maganinsu. Sai dai ka kula, kusan rabin kaurin waje yake fitowa, don haka ramin boris da tiredi, wato zaren da noti ke hawa, za su matse. Ka faɗa wa mai aikin tun a zane ya bar musu wuri ko a rufe su. Alminiyam nau'in 6061 na karɓar anodayizin da kyau, amma na zubi mai yawan silikon sai ya fito toka-toka.

Fentin hoda ya dace da ƙofa da taga, amma kaurinsa na cike tiredi. Feshin ƙwayoyin gilashi na goge sawun inji ne kawai, ba ya kare komai. Alodine, wato siririn rufin sinadari, sai idan kana so wutar lantarki ta bi ta jikin kayan.

Inda ake cutar mutane shi ne a nan. An taɓa kawo min wasu maƙalai baƙaƙe ƙirin da sunan Type III, ashe fenti aka fesa. Na sa tina a tsumma na goga, tsumman ya yi baƙi. Ka gwada haka kafin ka biya ciko. Ka kuma karta wuƙa a lungun da ba a gani: fenti zai tashi, Type III na gaske da ƙyar za ta yi masa tabo.

Akwai kuma masu yin anodayizin na gaske amma su tsallake matakin ƙarshe na toshe 'yan ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawon. Irin wannan, ranar arewa kan kore launinsa, ja ya fi saurin koɗewa. Ka ja layi a kai da alƙalamin maka, ka goge da tina. Idan tawadar ta zauna daram, ba a toshe ba. Wasu kuma Type II za su ba ka a farashin Type III, da ido ba za ka gane ba. Ka sa a rubuta kaurin a takardar ciniki, a auna shi da na'ura a nuna maka, kuma ka karɓi samfuri ɗaya kafin a tsoma sauran.